Wanda Zai Ka da Namadi

A Kaura Namoda idan ka ce tanis, da yawa za su ɗauka sunan wani magani ne. Ban ga laifinsu ba. Filin namu yana can bayan tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, siminti ne da ya tsattsage, da raga wadda muka yi ta ɗinkewa da igiyar buhu har ba a gane asalin launinta. A gefen wannan filin na ƙarar da ƙuruciyata ina alƙalancin wasa, ni Muhtari, tsohon malamin firamare. A cikinsa kuma Namadi mai hatsi ya zama zakara tun gashin kansa yana baƙi.

Gasar tamu sunanta Kofin Gari Uku. Ma'aikatan jirgi da malaman makaranta ne suka kafa ta tun muna yara, ana yin ta bayan kaka, bana a Kaura, baɗi a Shinkafi, baɗin baɗaɗa a Zurmi. Ba wata babbar gasa ba ce, ko rediyo ba ta taɓa ambatonmu ba, amma mu a wurinmu duniya ce guda. Kuma tana da wata doka da ba a rubuta ba, wadda ta fi duk rubutattun ƙarfi: zakara ba ya yin murabus da baki. Sai an ci shi a fili, a gaban mutane, ya zagaya raga ya miƙa kofi da hannunsa. Daga ranar ya zama uban fili, a ajiye masa kujera a inuwar darbejiya, duk mai shiga wasa sai ya fara zuwa ya gaishe shi.

An taɓa samun wanda ya karya dokar. Tambari na Zurmi ya je Makka, ya dawo ya ce ya bar wasa, ya aiko da kofi a cikin jaka. Mutumin kirki ne, mai zumunci, amma tun daga nan sunansa ya koma Tambari mai gudu. Ranar da ya rasu na ji wani a masallaci yana tambaya wane Tambarin, aka amsa masa da wannan sunan, babu wanda ya ji wani abu.

To, Namadi ya haura hamsin, gwiwarsa ta dama ta fara cin amanarsa. Da safe sai ya dafa bango kafin ya miƙe, idan ya yi sujada sai ya miƙar da ƙafar gefe. Shi kansa ya san lokaci ya yi, kuma ba tsoron faɗuwa yake yi ba. Abin da yake so shi ne a ci shi yana da sauran ƙarfi, a yi wasan da za a ce an yi, wanda ya ci shi ya san ya sha wuya. Wata rana na same shi a rumfarsa a kasuwar hatsi yana shafa man zafi, ko ɗaga kai bai yi ba ya ce:

"Muhtari, sa muna rana. Ƙahwar ga ta kusa ƙarewa."

"Wa za ka yi da shi?"

"Ka sani. Yazid."

Na sani kuwa. Yazid ɗan Shinkafi ne, ya yi karatu a kwalejin fasaha ta nan Kaura, a lokacin ne Namadi ya koya masa riƙon raket, wato abin buga ƙwallon, ya kuma riƙa ciyar da shi a gidansa kamar ɗan cikinsa. Yanzu magidanci ne, yana da shagon gyaran waya a garinsu. Cikin duk waɗanda suka rage a garuruwan uku, shi kaɗai ne zai iya ka da Namadi da gaske. Sauran 'yan wasan sun watse, wasu Gusau, wasu Sakkwato, wasu kuma ba a ambatonsu sai da addu'a.

Na sa rana bayan kaka, a Zurmi, don layinsu ne. Da na je duba filin sai na tarar da mutanen ƙauyukan wajen Dauran sun cika shi, waɗanda 'yan bindiga suka tasa daga gidajensu. Sun ɗaura tamfol a ƙarafan raga, wata mata tana tuƙa tuwo daidai inda ake tsayawa a yi bugun farko. Na tsaya na gaishe su, na yi musu jaje, na juyo ban faɗi abin da ya kawo ni ba. Da wane baki zan ce su matsa za mu yi wasa?

Sai na mai da ranar Shinkafi, bayan ƙaramar Salla. A makon aka tare motoci a hanya, direbobi suka ajiye makullai. Na sake matsar da ita, sai aka yanke layukan waya a jihar baki ɗaya. Na ba wani direban albasa saƙo zuwa ga Yazid, amsar ta iso hannuna bayan ranar ta wuce. Damina ta sauka, ciyawa ta fito ta kowace tsaga a filinmu. Da aka yi kaka na ce to bana kam sai mun yi, sai aka harbe ƙanin Namadi a gonarsa a Kurya Madaro yana yankan gero. Muka je gaisuwa muka dawo, babu wanda ya yi maganar tanis har sanyi ya wuce.

Ni da nake sa ranakun nan na gaji da kaina. Na zama abin dariya a majalisa, da na nufo sai wani ya ce ga mai sa ranar da ba ta zuwa. Dariyar ba ta dame ni ba kamar abin da nake gani a fili. Namadi bai fasa motsa jiki ba, kullum da hantsi yana nan yana buga ƙwallo a bangon tsohon sito, amma duk wata sai ka ga wani abu ya ragu. Ƙwallon da bara zai kai gare ta da taku biyu, bana sai ya bi ta da ido. Raina yakan ɓaci har in rasa wanda zan yi wa faɗa.

Ana nan sai ɗiyar Namadi, Mardiyya, wadda ke aikin jinya a Gusau, ta zo har gidana. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta buɗe min wuta.

"Baba Muhtari, ku ji tsoron Allah. Likita ya sa ranar aikin gwiwa babana ya hwasa, ya sake sawa ya hwasa, duk don wasan ga naku. Yanzu an ce bayan babbar Salla, in bai zo ba a bar maganar. Kuna son ya koma ja da gindi?"

"In anka yi aikin, zai koma hili?"

"Tahiya dai za shi yi, in Allah ya so. Gudu kam ya ƙare."

Maganarta gaskiya ce, shi ya sa ta yi min zafi. Na tafi wurin Namadi da wata dabara da na kwana ina juyawa. Akwai Ismail mai kemis, wanda ke zuwa fili don rage tumbi. Na ce a shirya wasa da shi, Namadi ya ɗan sassauta, Ismail ya ci, a miƙa kofi, a cika doka, kowa ya huta. Namadi ya dube ni kamar na zubar masa da mudun gero a ƙasa.

"Isma'ila? Wanda in ya buga ƙwallo sai an bi ta gidan makwabta? Muhtari, ashe haka kaka ganina."

"Ba haka ba ne. Lokaci na ka tahiya."

"Bari shi tahi. Ni ba sadaka nika nema ba. Wanda zai amshi kohin ga sai ya ƙwace shi."

Ban sake tayar da maganar ba. Azumi ya zo ya wuce, aka shiga watan babbar Salla, na daina ma sa rana.

Sai ga shi wata Talata da hantsi, ina zaune ƙofar gida, keke napep ya tsaya, Yazid ya fito da raket a hannu. Ya rame, gemunsa ya cika. Bayan mun gaisa ya gaya min abin da ke tafe da shi: ya rufe shago, ya kwashe iyali za su koma Kano gaba ɗaya. Mahaifiyarsa da matarsa Nazifa da yara suna tasha cikin mota, direba yana jiran sauran motoci su taru, don yanzu babu mai kama hanyar Gusau shi kaɗai. Da zarar sun taru za a tashi.

"Malam, in za a yi wasan ga, yau ta. Ban san randa zan sake ganin Kaura ba."

Ko hula ban tsaya ɗauka ba. Muka nufi kasuwa. Namadi yana tsakiyar auna dawa ya hango mu, ya ajiye mudun, ya bar mai saye tsaye da buhu a buɗe. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske irin na wannan ranar ba. Ya rungume Yazid, ya aika gida a ɗauko masa kofi da takalma da bandeji.

A fili muka tarar da matan unguwa sun shanya barkono da kuɓewa, don sun daɗe da mai da wurin mashanya. Hannatu, wadda ta fi su baki, ta yi ta mita tana tattarawa, tana cewa manya da gemu ba su da aiki sai bin ƙwallo. Muka share, muka ɗaure raga, na ja layin da ya goge da farar ƙasa. 'Yan kallo kuwa su ne Ismail da ya rufe kemis ya taho, da matan nan da ke jiran mu gama, da masu keke napep biyu ko uku. A shekarun baya idan ana wasan ƙarshe har kan katanga mutane suke hawa. Na ajiye kofin a kan benci, na ce bismilla.

Wallahi an yi wasa. Yazid yana bugu kamar mai saran itace, ƙwallo tana wucewa da ƙara. Namadi ba shi da gudun, amma yana da kai. Sai ya ja yaron can baya, sannan ya sako masa ƙwallo a hankali gindin raga, ta faɗi ta kwanta. Duk lokacin da dabarar ta ci sai ya yi dariya, duk lokacin da Yazid ya wuce shi da bugu mai kyau sai ya ƙara yin wata dariyar, ya ce, "Haka nika so." Har Hannatu ta daina mita ta tsaya kallo. Yazid ya ɗauki zagayen farko bayan ya jiƙe sharkaf da gumi. A zagaye na biyu ma ya shiga gaba, abin da ya rage masa kaɗan ne. Ina zaune ina jin daɗi da baƙin ciki a haɗe, ina cewa a raina yau dai abokina zai huta.

Sai Yazid ya aika wata ƙwallo can kusurwar dama. Namadi ya manta da shekarunsa ya bi ta. Na ji ƙarar gwiwar daga inda nake. Ya faɗi ta gefe, raket ta yi nata wuri, ya dafe ƙafar da hannu biyu. Yazid ya tsallake raga ya tallabe shi.

"Koma wurinka," in ji Namadi. "Ba a gama ba."

Ismail ya ƙara ɗaure masa gwiwar, yana ta roƙonsa ya haƙura. Namadi ya dafa kafaɗarsa ya miƙe, ya karɓi raket, ya tsaya a layi. Kowa yana ganin ƙafar tana rawa. Amma ya tsaya, kuma abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Bugu kaɗan masu ƙarfi, shi ke nan an gama, ya zagaya raga ko da ɗingishi ne ya miƙa kofinsa.

Daga nan ne Yazid ya lalata komai. Ƙwallon farko ya turo ta a hankali daidai hannun Namadi, kamar mai miƙa wa yaro lemo. Ta biyu ya saka ta a raga. Ta uku ya ɗaga ta ta wuce layi da nisa, shi da bai yi irin wannan kuskuren ba tun safe. Na ga fuskar Namadi tana sauyawa. Da wata ƙwallo mai laushi ta sake zuwa, sai ya saki raket ya cafe ta da hannu. A doka makin na Yazid ne, na kuma faɗa. Sai Yazid ya karɓi bugun farko ya zubar da shi sau biyu a jere. Abu ya koma wasan yara, wannan yana ƙin ci, wancan yana ƙin ci. Na ji kamar in sauka in mari wani.

Namadi ya ja ƙafa ya iso gaban raga, ya kira shi.

"Yazid, mi kaka yi?"

"Hannuna na ka ciwo, Baba."

"Ƙarya kake. Ni na koya maka riƙon abin ga. Buga min yadda ka hwara."

Yazid ya sunkuyar da kai. "Ba ni iyawa, Baba. Ina ganin ƙahwarka tana rawa. Tuwon gidanka na ci. Inna ma da za ni taho sai da ta ce kar in kunyata ka gaban mutane."

"Wanga da kaka yi shi ne kunyatawa. Ƙahwar tawa ce, ba taka ba. Shekara nawa ina jiran ka?"

Sannan Yazid ya faɗi abin da har yau nake jinsa a kunnena, a hankali, idonsa a ƙasa:

"Da bara waccan ce, Baba, wallahi da na buga."

Ban tsammanin ya san nauyin abin da ya faɗa ba. Shi a ganinsa ladabi yake yi, kyauta ce yake bai wa ubangidansa ta rabuwa. Amma Namadi ya ji ta yadda take: cewa lokacin da cin sa zai zama abin faɗa ya riga ya wuce, tun muna ta ɗage rana.

Wayar Yazid ta yi ƙara a kan benci. Nazifa ce, motoci sun taru, direba ya ce ba zai jira kowa ba. Na ce masa ya tsaya, bugu uku kawai, uku masu kyau, ya yi wa Allah ya yi su. Ya dubi Namadi, ya dubi ƙafar, ya girgiza kai. Ya durƙusa har ƙasa a gaban ragar.

"Ka yahe min, Baba."

Namadi ya ɗauke kai. Yazid ya tashi yana share ido da bayan hannu, ya shiga ɗaya daga cikin kekunan nan, suka bi ta bayan sito suka ɓace. Ban ji haushinsa irin yadda na so in ji ba. Mutum ne da uwarsa da 'ya'yansa ke zaune cikin mota a bakin hanyar da ba a san ƙarshenta ba.

Na yi gyaran murya na ce, "An ɗage wasa."

"Zuwa yaushe?" in ji Namadi.

Na dubi kofin a kan benci.

"Kai ne alƙali, Muhtari. Mi doka ta ce bisa wanda ya bar hili ba a gama ba?"

"Ka sani."

"Hwaɗi, mutane su ji."

Na miƙe tsaye na ce Yazid na Shinkafi ya bar fili, don haka Namadi na Kaura ne ya ci, kofi ya zauna a inda yake. Masu keken da suka rage suka tafa. Hannatu, baiwar Allah, da ta ga an ce ɗan unguwarsu ya yi nasara, sai ta rangaɗa guɗa da dukan zuciyarta, sauran matan suka taya ta. Namadi ya tsaya yana dafe da ƙarfen raga har suka gama. Sannan suka fara jawo tabarmin barkononsu suna mayarwa cikin fili.

Ni da Ismail muka ɗaga shi muka sa a keke. Gwiwar ta kumbura har bandejin ya nutse a ciki, ko Mardiyya ba ta nan na san ba za a jira bayan Salla ba, gobe sai Gusau idan hanya ta yi kyau. Na ɗora masa kofin a cinya don babu inda zan ajiye shi. Mai keken yaro ne mai fara'a, yana tuƙi yana waiwayowa.

"Baba, ashe har yanzu babu kamarka. Matashi guda ka kora da ƙahwa ɗaya."

Namadi ya juyar da kai yana kallon gefen titi. Na ga hawaye yana bin gemunsa, ni da na san shi tun muna tsintar ƙwallo ban taɓa ganin haka ba, ko ranar da aka binne ƙaninsa. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina, sai na faɗi abin da ni kaina ban yarda da shi ba.

"Abubuwa za su lahwa, Namadi. Yazid zai dawo."

Sai da muka wuce bakin kasuwa ya waiwayo ya dube ni.

"Ko ya dawo," in ji shi, "wa zai ishe?"

Muka iso ƙofar gidansa. Sai da aka kira makwabci ya kama mana kafin muka iya sauko da shi.